Koyon gini a hannun maigida a Garwa da Marwa: abin da yaro ke samu da abin da ke kuɓuce masa

Yawancin maginan da ke aiki yau a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ba a aji suka koyi sana'ar ba. Uba ne ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin maginin da ya yarda da shi, aka gaisa, aka miƙa goro da ɗan kuɗin da aka daidaita a kai, maigida ya ce "ya zo gobe da sassafe", koyo ya fara. Iyaye na biya da kuɗi, yaro na biya da ƙarfinsa na shekaru, don haka hidima ce da ta cancanci a ɗora ta a kan sikeli kamar yadda ake auna kowane kaya kafin a saya.

Abin da ba wanda zai ƙwace wa wannan hanya shi ne hannu. Yaron da ya shekara biyu a shantiye, wato wurin da ake gini, zai ɗebi kwaɓi da cokalin gini, ya shimfiɗa, ya aza bulo, ya ƙwanƙwasa sau biyu bulon ya zauna daidai da igiya. Jikinsa ya saba da nauyin bulo mai kaurin santimita 20 a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ya san direban tifar da ke kawo yashi mai tsabta daga Binuwai da wanda ke cakuɗa shi da ƙasa, ya kuma ga yadda maigidansa ke lallaɓa mai gini idan kuɗi ya yanke a tsakiyar aiki. Ranar da aka yaye shi akwai masu gidajen da suka riga suka san fuskarsa, kuma a wannan sana'a aiki ta baki yake yawo.

Aibin farko ɓarnar lokaci ne. Ɗebo ruwa, tura baro da tankaɗe yashi na wata uku ba laifi ba ne, domin a nan ake gane wanda zai jure. Amma akwai yaran da ke cin shekara guda cur ba a taɓa miƙa musu cokali ba, wannan kuwa leburanci ne kyauta. Ba kullum mugunta ke jawo haka ba. Maigida jinga ya karɓa, duk mintin da ya tsaya yana gyara wa ɗan koyo layi daga aljihunsa yake fita. Sannan babu jadawali, abin da ya faɗo shi ake koya. Idan maigida ya yi shekara yana samun aikin katanga kawai, to yaro zai fito gwanin katanga wanda bai taɓa ganin yadda ake ɗaure ƙarfen bene ba.

Babban gibin kuwa yana wajen awo, kuma a nan ne gidaje ke lalacewa. A shantiye da yawa ana kwaɓa siminti da ido, ana kallon launi a ce ya yi. Yaro ya taso a haka, bai san akwai lissafi ba. Alhali abin ba shi da wuya. Buhun siminti kilo 50 ne, baro kuma idan an cika shi daidai baki ba tare da tozo ba yana cin kusan lita 60. Kankaren ginshiƙi da lintal da bene yana son kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7, da yashi wajen lita 400 da tsakuwa lita 800. Idan aka raba, kowane buhu ɗaya zai tafi da baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, da ruwa kamar lita 25, ko ƙasa da haka idan yashin jiƙaƙƙe ne. Ginshiƙi mai santimita 20 a kowane gefe da tsawon mita 3 yana cin kilo 42, kusan buhu guda ke nan. Wanda ya zuba ginshiƙai uku da buhu ɗaya ya cuci mai ginin, ko ya sani ko bai sani ba.

Ruwa ma haka. Leburori na son kankare mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin juyawa da zubawa, amma ruwan da ya wuce ƙima idan ya ƙafe yana barin ƙananan ramuka a ciki, ƙarfin ya ragu, damshi ya samu hanyar kaiwa ga rodi. Maganin ramukan nan masu kama da saƙar zuma da ke fitowa a jikin ginshiƙi shi ne a zuba kaɗan-kaɗan ana soka da rodi ana bubbuga katako, ba a ƙara ruwa ba. Da wuya ka samu maigidan da ya zaunar da yaransa ya faɗa musu wannan dalili, sai dai tsawa, tsawa kuwa ba ta bin yaro zuwa shantiyensa na gobe.

A wajen buga bulo, buhu ɗaya ya kamata ya fitar da bulo mai kaurin santimita 15 guda 30 zuwa 35. Ana samun masu miƙe shi har ya haura 45, su shanya a tsakiyar rana, kwana biyu su ɗora a tifa. Irin wannan bulo yana ɓarɓashi a hannu tun kafin ya hau bango. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce ke ƙarfafa shi, shi ya sa dole a yi ta shayar da bulo da kankare safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma ƙarfin da ake lissafi da shi sai a kwana 28. A yankinmu, inda hunturu ke zuwa da busasshiyar iska bazara kuma da rana mai ƙuna, sakaci a nan ya fi illa fiye da a Duwala ko Yawunde. A rufe sabon kankare da jiƙaƙƙen buhu ko zana, a yi zubi da sassafe ko bayan la'asar. Katakon gefen ginshiƙi ana iya cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu, amma turakun da ke ƙarƙashin bene su kai mako uku. Simintin kansa, ko na masana'antar Figil ne ko daga ina ya fito, a duba lambar ƙarfinsa da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5, a ajiye shi a kan katako nesa da ƙasa, wanda ya dunƙule kuma kada ya shiga ginshiƙi.

Akwai gwajin yashi da kowane ɗan koyo ya kamata ya iya tun makon farko. A zuba yashi a kwalba har ya kai santimita 10, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye na wasu sa'o'i. Laka za ta kwanta a sama. Idan kaurinta ya kusa santimita ɗaya, yashin nan sai an wanke ko a canza, in ba haka ba shafe zai tsattsage.

Ƙasa ita ce abin da maigida na gari ya fi kowace makaranta sani, idan har ya yarda ya faɗa. A kewayen Marwa da filayen Diyamare akwai baƙar lakar nan da ake kira karal, wadda ake shuka masakuwa a kai. Da damina tana kumbura, da rani ta tsuke ta dare. Harsashin da aka kafa sama-sama a kanta yana hawa yana sauka tare da ita, shi ya sa ake ganin tsagar da ke tashi a karkace daga kusurwar taga. Gyara shi ne a haƙa har a wuce saman da ke motsi, a shimfiɗa yashi da siririn kankare a ƙasan rami, a ɗaure ginin da ɗamarar kankare mai rodi a ƙasa da kuma a sama, sannan a yi daɓe kewaye da gida don ruwan indararo kada ya taru a gindin bango. Yaron da ya koyi gini a unguwa mai ƙasar tsakuwa, idan aiki ya kai shi Kusiri ko Injamena inda laka ta fi yawa kuma ake amfani da jan bulo gasasshe, zai tarar rabin abin da ya sani bai dace da wurin ba.

Ƙarfe ma ana koyar da ɗaurinsa, ba a koyar da dalilinsa. Rodi na zuwa da tsawon mita 12, kaurinsa milimita 6 ko 8 ko 10 ko 12 a ginin gida. Dole kankare ya lulluɓe shi da kamar santimita 3 ta kowane gefe, don haka ake sa ƙananan dunƙulen siminti tsakaninsa da katako. Idan ya jingina da katako zai yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren. Inda za a haɗa rodi biyu, su hau juna da tsawon da ya kai kaurin rodin sau 40 zuwa 50, wato rodin 10 ya hau ɗan'uwansa da santimita 40 zuwa 50. Zobban ƙarfen da ke kewaye rodin ginshiƙi a sa su tazarar santimita 15 zuwa 20, a ƙara matse su kusa da kai da gindi. A saman bango kuma a bar rodin 6 a cikin ɗamara domin ɗaure katakon rufi, saboda guguwar farkon damina kwano take fara ɗauka.

Sai karatun zane da lissafin kaya, wanda shi ne ke raba magini da mai iya karɓar kwangila. Ɗaki mai mita 4 da mita 3, tsayin bango mita 3: kewayensa mita 14, faɗin bangon mita murabba'i 42, a cire ƙofa da taga ya saura kusan 39. Kowace mita murabba'i na cin bulo 12 da rabi, jimla wajen 490, a ƙara na fashewa ya ɗan haura 500. Kusurwar ɗakin kuma idan ta miƙe daidai, igiyar da aka ja daga lungu zuwa lungu za ta ba da mita 5 cif. Wannan lissafi bai fi ƙarfin wanda ya gama firamare ba, amma akwai maginan da suka shekara goma suna aiki, har yanzu sai an ƙirga musu.

Masu wayarin da masu aikin famfo sukan shigo bayan magini ya gama, su farfasa bangon da aka sha wuya a kai, wani lokaci har su sare ginshiƙi. Ɗan koyon gini ba sai ya zama mai wayarin ba, amma ya san a bar hanyar bututu tun kafin zubi, ya san bututun masai mai faɗin milimita 100 yana son gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya kuma san kaurin wayar fitila milimita murabba'i 1.5 ne, ta soket 2.5.

To makaranta fa? A Kamaru akwai makarantun sakandaren fasaha da ake kira CETIC, inda ake shekara huɗu a zana jarrabawar ƙwarewar sana'a ta CAP a fannin gini ko kafinta ko lantarki, akwai makarantun koyon sana'ar hannu na SAR/SM na shekara biyu, akwai kuma cibiyoyin da ke ƙarƙashin MINEFOP, ma'aikatar samar da ayyuka da koyar da sana'o'i, masu shirya ɗalibai don takardun shaidar sana'a na CQP da DQP. A can ana koyar da zane da awo da dalilin kowane abu, kuma takardar tana da amfani ranar neman aiki a kamfani. Rauninsu shi ne sauri da juriya. Bangon gwajin da ake ginawa a rushe a farfajiyar makaranta ba ya koya wa yaro gama ɗaki kafin magariba. Kuma karatun da Faransanci ne, wanda ke tsorata yaran da suka fito daga makarantar allo. A ganinmu hanyoyin biyu haɗa su ya fi: ɗan makaranta ya yi kowane dogon hutu a shantiye, ɗan shantiye kuma a nema masa mai koya masa lissafi da zane da yamma.

Ga iyayen da suka zaɓi maigida, a rubuta yarjejeniya. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce take, kuma ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba ko da sunan koyo ne. Rubutu ba rashin yarda ba ne ga Malam ko Alhaji, kariya ce gare shi shi ma. A faɗi tsawon koyo, kuɗin abinci na kullum, wanda zai biya magani idan yaro ya faɗo daga kan katako, da matakan da za a bi. Tsarin shekara uku ya wadatar idan an riƙe shi da gaske. Wata uku na farko ga kwaɓi da buga bulo da shayarwa, sauran shekarar ga jera bulo da igiya da ma'aunin miƙewar bango da tiyon ruwa na daidaita tsayi. Shekara ta biyu ga harsashi, ɗaurin rodi, haɗa katako da zubi. Ta uku ga shafe da tayil da matakala, da fita tare da maigida wajen ciniki. Idan shantiyensa ba shi da wani aikin, a rubuta cewa zai aika yaron wurin abokin sana'arsa na wasu makonni. Takalmi mai tauri da safar hannu su shiga cikin maganar tun farko, domin ɗanyen siminti yana cin fata.

Yaye kuma kada ya zama shinkafa da addu'a kawai. A gayyaci wani magini daga waje, a ba yaro fili da turaku da igiya ya fitar da ɗaki, ya faɗi adadin bulo da siminti, ya tayar da kusurwa layi biyar a duba ta, ya ɗaure ƙarfen ginshiƙi ɗaya. Wanda ya kasa a ƙara masa wata shida.

Kafin a miƙa yaro, a nemi maigidan ya nuna gidan da ya gina shekara biyar da suka wuce, ba wanda yake kai yanzu ba. A duba kusurwoyin tagogi da gindin bango ta waje. A shiga shantiyensa da rana tsaka ba tare da sanarwa ba, a karci bulo ɗaya da ƙusa, a ga ko akwai durom ɗin ruwa kusa da sabon kankare, a kuma lura da wanda ke riƙe da cokali: maigida shi kaɗai, ko har da yaransa.