BMW M5 ko Mercedes E63 AMG: wace ta hannu ta fi dacewa a saya?

Motocin nan biyu na Jamus sun yi zamani tare, kuma ƙarfinsu kusan ɗaya ne, amma halinsu ya sha bamban. M5 samfurin E60, wadda aka ƙera daga 2005 zuwa 2010, tana ɗauke da inji mai silinda 10 da ƙarfin doki 507, kuma ba ta nuna ainihin kanta sai an taka ta injin ya yi sama sosai. A cikin cunkoso kuwa giyarta ta SMG, wato giyar hannu da ke canza kanta ba tare da an taka kuloci ba, tana fizga, abin da ke gundurar direba.

E63 samfurin W211, da ta fito a 2006 da silinda 8 da ƙarfin doki 514, tana ja tun daga ƙasa, giyarta kuma tana shiga salin-alin.

Wajen gyara ne hankalin mai saye ya kamata ya tsaya. A M5, mital ɗin karanshaf, wato babban sandar da fistin ke juyawa a cikin inji, yana cinyewa da wuri, kuma idan aka yi sakaci har ya kai ga ƙwanƙwasa, injin gaba ɗaya na iya tafiya. Famfon giyar ma yakan mutu. Ita ma E63 ba a raba ta da lalura, domin kusoshin kan injinta sukan tsinke, kamshaf, sandar da ke buɗe bawul na inji, yakan goge, shokazobarta ta iska kuma takan sace har a wayi gari motar ta durƙusa. Duk da haka, ga mai hawa kullum na fi karkata ga E63, muddin takardun sabis ɗinta sun cika kuma bakanike ya duba ta tun injin yana sanyi.