Faifan Magma: wanne ya kamata ka fara saya?

Kiɗan zeuhl, wani salo da ya gauraya rock da jazz da amshin mawaƙa, a Faris aka haife shi, a 1969, lokacin da makaɗin ganga Christian Vander ya kafa ƙungiyar Magma, shekara biyu bayan rasuwar gwaninsa John Coltrane, makaɗin jazz na Amurka. Yawancin waƙoƙinsu da wani yare ake rera su wanda Vander ya ƙirƙiro da kansa, don haka jin Faransanci ba zai ƙara maka komai ba. Kunne kawai za ka zo da shi, sai haƙuri.

Duk wanda ka tambaya, Mëkanïk Dëstruktïẁ Kömmandöh na 1973 zai nuna maka, kuma ba laifi, shi ne bakandamiyarsu. Kusan minti arba'in ne na waƙa guda da aka yanka kashi-kashi: 'yan amshi na maimaita baiti ɗaya suna ƙara matsa shi, kayan busa na tura su daga baya, har sai ka ji numfashinka ya sarƙe. Sai dai a nan muryoyi sun danne gangar Vander, alhali ita ce ran tafiyar. Sabon shiga kan gaji tun kafin a kai tsakiya.

Ni dai Live/Hhaï zan fara miƙa maka. A gaban jama'a aka ɗauke shi a Faris a 1975, kuma a nan ne ake jin yadda Vander ke riƙe kiɗa, ya ja shi a hankali kamar ba zai taɓa sakewa ba, sannan ya ɓarke. Didier Lockwood, yana ɗan shekara 19, shi ke jan gogen Turawa a ciki, wanda ya sa faifan ya fi sauran daɗin shiga kunne. Fayafai biyu ne tun asali, to ka duba kafin ka biya, kada a sayar maka da rabi.

Mai son jita mai kaurin murya ya nemi Üdü Ẁüdü na 1976. Bayan faifan gaba ɗaya waƙar De Futura ce ta Jannick Top, mai kaɗa musu wannan jita, kusan minti 18 na gurnani. Gabansa kuwa gajerun waƙoƙi ne, ba yabo ba fallasa.

Ẁurdah Ïtah na 1974 ba shi da tarkace: fiyano, ganga, jita mai kaurin murya da muryoyi kawai. Da sunan Christian Vander ya fara fita, a matsayin kiɗan fim ɗin Tristan et Iseult, saboda haka a wajen masu tsofaffin fayafan garmaho da wannan sunan za ka same shi.

Maganar kuɗi kuma, bugun farko na masu tara kayan tarihi ne, tsadarsa ba ta ƙara wa kiɗan komai. Seventh Records, kamfanin da su Vander suka kafa a 1987, ya sake buga waɗannan duka a CD. Ka saurari kashin farko na Köhntark, waƙar da ta buɗe Live/Hhaï, a intanet tukuna. In ka kai ƙarshensa ba ka tsallake ba, sai ka zaro kuɗinka.