Sharhi kan laftof ɗin da na saya don ɗora kwamfuta a cikin kwamfuta, bayan wata takwas ina aiki da ita

Ina koyarwa a wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta da ke unguwar Badariya a Birnin Kebbi, da dare kuma ina koya wa kaina aikin kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, da haɗa kwamfutoci. Wannan karatu ba ya yiwuwa da kwamfuta ɗaya, domin sai mutum ya sami wadda za ta zama saba, da wadda za ta nemi aiki a wurinta, da ta ukun da zai riƙa gwada ƙarfin tsaron sauran da ita. Tun da ba ni da halin sayen uku, sai na bi hanyar da masu wannan fanni suke bi, wato a ɗora manhaja irin su VirtualBox ko VMware a kan kwamfuta guda, ta yanki wani sashe na ƙarfinta ta gina wasu kwamfutocin kwaikwayo a cikinta. Ta asalin ita ce mai masauki, waɗanda aka gina kuma baƙinta ne, kowanne da nasa Windows ko Linux, kuma in ɗaya ya lalace sai a goge shi a sake wani ba tare da an taɓa mai gida ba.

Da tsohuwar laftof ɗin da na gada wurin yayana na fara gwadawa, mai ɗauke da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Pentium T4500 ta wajajen shekarar 2010. Na ɗora VirtualBox lafiya lau, amma da na zo ƙirƙirar baƙo sai na ga babu zaɓin 64-bit ko ɗaya, da na matsa masa ya tashi kuma sai ga saƙo cewa babu VT-x. Dare biyu na yi ina shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ina fita, ina duba kowane shafi layi-layi, ina neman wurin da zan kunna abin da tun farko ba a halicce shi a cikin firosesar ba. Sai a rana ta uku na rubuta lambarta a shafin bayanan kaya na Intel, na gangara zuwa layin VT-x, na tarar da amsar a'a a rubuce ƙarara.

Ya kamata in ɗan tsaya a kan wannan abu, saboda yawancin masu sayar da kwamfuta a wajenmu ba su taɓa jin sunansa ba. A da, manhaja ce take wahalar fassara umarnin baƙo kafin ya isa ga firosesa, abin da ke jawo nauyi da jinkiri. A ƙarshen 2005 Intel ya saka wasu umarni na musamman a cikin firosesar kanta, ya kira su VT-x, AMD kuma ya fito da nasa a 2006 da sunan AMD-V, wanda a BIOS aka fi rubuta shi da SVM. Daga baya aka ƙara wani mataki da ke sauƙaƙa rabon ma'adanar aiki, wato RAM, tsakanin mai masauki da baƙinsa, wanda Intel ke kira EPT, kuma ya shigo ne tare da jerin Core i na farko a 2008. Tun daga VirtualBox 6.1, wanda ya fito a Disambar 2019, an daina waccan tsohuwar hanya ta fassara gaba ɗaya, don haka kwamfutar da ba ta da wannan tallafi na cikin ƙarfe ba za ta tayar da baƙo ko na 32-bit ba. Haka abin yake ga Hyper-V, manhajar Windows ta tayar da baƙi, da WSL 2 mai tafiyar da Linux a cikin Windows, da wayar kwaikwayo ta Android Studio wadda ɗalibanmu masu koyon rubuta manhajar waya suke bukata.

Na tafi kasuwa da tunanin cewa tambayar ɗaya ce, wato ko firosesa tana da VT-x ko ba ta da shi. Abin da na koya a ranar shi ne, kusan duk laftof ɗin da aka ƙera a shekaru goman da suka wuce tana da shi, har da masu arha, kuma inda mai saye yake faɗawa rami wurare biyu ne daban: ko an bar masa ƙofar BIOS a buɗe, da kuma ko akwai wurin ƙara RAM.

Shagon da na je yana kusa da babbar kasuwa, mai shi wani dattijo ne da ke sarin kwamfutoci na hannu, irin waɗanda ake kira 'yan Landan, daga Legas da Kano. Ta farko da ya miƙo mini sirirya ce mai sheƙi, kamar ba a taɓa amfani da ita ba. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, na shiga shafin Performance na zaɓi CPU, sai na ga Enabled a gaban layin Virtualization. Da a ce wannan kaɗai na sani, da na biya na tafi ina murna. Amma firosesar Celeron N4020 ce, RAM ɗinta gigabait 4 ne da aka liƙa a jikin allon ciki ba ya ciruwa ba ya ƙaruwa, ma'ajiyarta kuma gigabait 64. Windows shi kaɗai zai cinye mafi yawan wannan, ya bar wa baƙo abin da bai isa ya zauna ba.

Ta biyu ita ce ta kusa yaudarata, domin Core i7 ce, mai kyan jiki, kuma farashinta ya yi ƙasa da yadda na zata. A Task Manager na ga Disabled, wanda ba abin damuwa ba ne a karan kansa tun da kwamfutoci da yawa haka suke zuwa sai mai ita ya kunna. Na kashe ta na sake kunnawa ina bubbuga maɓallin shiga BIOS, sai dattijon ya ɗago kai daga lissafin da yake yi.

"Malam, mi kaka nema can ciki? Wagga Core i7 ta, babu abin da ba ta yi."

"Alhaji, a yi mini haƙuri, akwai abu guda da zan kunna, in ya kunnu mun gama ciniki," na ce masa.

Allon ya yi baƙi, wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri. Na tambaye shi, ya tambayi yaron shagonsa, yaron ya kira wanda ya kawo kayan a waya, kowa ya ce haka anka kawo ta. Irin waɗannan kwamfutoci galibi daga ofisoshin ƙasashen waje suke fitowa, inda ma'aikatan kula da na'urori ke kulle BIOS don kada a sauya musu tsari, wani lokaci kuma a sayar da su ba a cire makullin ba. Ga firosesa mai VT-x, ga RAM isasshe, ga shi kuma babu hanyar kunnawa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Yaron ya ce ai mai gyara zai cire ɗan batirin da ke kan allo ta manta da komai. Wannan dabara tana aiki a kan wasu tsofaffin kwamfutocin tebur, amma laftof ɗin ofis na zamani suna ajiye kalmar a wani guntu da ba ya mantuwa don an yanke masa wuta, kuma a wasu samfuran maganin da kamfani ya yarda da shi shi ne a sauya allon ciki ɗungurungum. Na mayar da ita kan kantar shagon, ban ko taya ba.

Wadda na saya ita ce ta uku, Lenovo ThinkPad T480, samfurin 2018, baƙa, da ɗan goge-goge a murfinta. A nan ma akwai abin lura, domin T480 iri-iri ce: wasu na ɗauke da firosesa ta zubi na bakwai mai injin aiki biyu, kamar i5-7300U, wasu kuma ta zubi na takwas mai injin aiki huɗu da layin aiki takwas, kamar i5-8350U, alhali takardar da ke liƙe a jikinsu duka Core i5 take cewa. Bambancin ya wuce na sauri kawai, saboda jerin firosesocin da Windows 11 ya amince da su ya fara ne daga zubi na takwas in ban da 'yan kaɗan, kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Tawa i5-8350U ce. Na danna F1 tana tasowa, BIOS ya buɗe ba tambaya, na shiga Security, na shiga Virtualization, na kunna VT-x da VT-d, na adana da F10. A shafin Memory na Task Manager kuma na ga an yi amfani da gurbi ɗaya cikin biyu, wato akwai wurin ƙari.

Ban tsaya a nan ba, tun da gani ya kori ji. Na zo da filash ɗauke da VirtualBox da faifan Ubuntu, na nemi izinin Alhaji, na ɗora a gabansa, muka zauna kusan minti ashirin janareta na ƙara a bakin ƙofa. Da allon Ubuntu ya bayyana a cikin wata taga a tsakiyar Windows, sai ya ajiye biro ya matso da kujerarsa, ya sa na sake nuna masa inda ake dubawa, ya ce daga yau kafin ya karɓi kaya sai ya sa an shiga can an gani. Na roƙe shi ya rubuta lambar jikin kwamfutar a kan rasit tare da sharaɗin kwana uku na mayarwa, ya rubuta ba musu.

Da gigabait 8 ta zo, kuma a makon farko na gane cewa wannan na baƙo ɗaya ne kawai. In na tayar da na biyu sai linzamin ya fara tsalle, komai ya riƙa jan ƙafa. Bayan wata biyu na ƙara wani gigabait 8 a gurbin da ke fanko, aikin da bai wuce kwance sukurorin ƙasa da ɗaga murfi ba, kuma tun daga ranar kamar an sauya mini na'ura. Yanzu ina tayar da Ubuntu Server da gigabait 2, Kali Linux na gwajin tsaro da 4, Windows Server da 4, duka a lokaci guda, ina haɗa su a hanyar sadarwa ta cikin gida da ba ta fita waje, mai masauki kuma yana numfashi da abin da ya rage. Samfurin na karɓar har gigabait 32 bisa bayanin kamfanin. Ma'ajiyar SSD mai gigabait 256 ce ta fara cika, saboda kowane baƙo na cin ashirin zuwa arba'in, ballantana in mutum yana yawan ajiye hoton yanayinsa don ya koma baya idan ya ɓata wani abu, don haka na mayar da ita 512.

Abin da ya fi ba ni wahala bai shafi ƙarfen ba sam. Bayan na ɗora Windows 11, sai baƙina suka koma tafiyar hawainiya, Kali na ɗaukar mintoci kafin ya buɗe, har na fara zargin ko an sayar mini da mai ciwo. Da na lura da kyau sai na ga wani ɗan koren kunkuru a kusurwar ƙasa ta tagar VirtualBox, a wurin da ya kamata alamar V ta kasance. Ma'anarsa ita ce Windows ya riga ya kama VT-x don kansa, ta hanyar Hyper-V ko tsarin tsaron da ake kira Memory integrity, don haka VirtualBox yana bi ta ƙarƙashinsa maimakon ya yi magana da firosesa kai tsaye. Na kashe Memory integrity, na cire Hyper-V da Virtual Machine Platform daga jerin abubuwan Windows, na sake kunnawa, kunkurun ya ɓace. Sai dai wannan ciniki ne mai asara a gefe guda, domin tsaron da na kashe yana da amfani, WSL 2 ma ba ya aiki in babu Virtual Machine Platform, shi ya sa wanda WSL ko Docker, manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji a keɓe, ne babban aikinsa gara ya bar su a kunne ya yi amfani da Hyper-V, muddin Windows ɗinsa Pro ne, tun da na Home ba ya zuwa da shi. Wannan kuma na iya ruɗa mai saye a shago, saboda wasu manhajojin bincike na cewa babu VT-x alhali Windows ne ya riƙe shi. Rubuta systeminfo a Command Prompt na warware shakkar, domin zai faɗa a ƙasa cewa an gano akwai mai riƙe da VT-x ɗin.

Zafin Birnin Kebbi ma ya gwada ta. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, baƙi uku na sa fankarta ta yi ta huci ba hutawa, saurin ya ragu da rana tsaka, sai na koma ɗora ta a kan murfin kwalba biyu don iska ta ratsa ƙasanta, ina kuma barin manyan gwaje-gwaje sai bayan isha'i. Ƙurar hunturu ta sa na buɗe ta sau ɗaya na hure fankar na sauya man da ke kan firosesa, abin da ya kamata duk mai sayen ta hannu ya yi tun a watan farko.

Ga wanda karatunsa irin nawa ne, ko ɗalibin kimiyyar kwamfuta a jami'ar Aliero ko a kwalejin Waziri Umaru da aljihunsa bai kai sabuwa ba, ina ganin T480 mai zubi na takwas ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin ya shiga BIOS da hannunsa kafin ya biya, ya kuma ware kuɗin ƙarin RAM tun daga farko. Wanda zai yi zanen gine-gine ko tace bidiyo mai nauyi ya nemi wata. A duba fuskar kuma, domin akwai mai 1366 da 768, wadda tagogi biyu ba sa zama a kanta gefe da gefe, tawa mai 1920 da 1080 ce.

Batir ne kaɗai abin da har yanzu ban gama da shi ba. Samfurin na da guda biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake zarewa a sa wani ba tare da an kashe kwamfutar ba, wanda ya dace da mu da wuta ke zuwa tana tafiya. Nawa duka sun tsufa kafin su zo hannuna, kuma rahoton da umarnin powercfg /batteryreport ya fitar ya nuna na wajen bai riƙe ko rabin cajin da aka ƙera shi da shi ba, ta yadda in baƙi biyu na aiki da ƙyar nake samun awa ɗaya da rabi. Akwai babban na waje mai 72Wh da ke ɗaga bayan kwamfutar sama kaɗan, na riga na ba Alhaji sallahu ya haɗo mini da shi a kayansa na gaba.