Sharhi: Tayar Motsa Ciki da Sauran Atisayen Ƙarfafa Kugu

Na shafe watanni ina amfani da tayar motsa ciki, wato ƙaramar tayar nan mai mariƙi a kowane gefe wadda mutum ke durƙusawa ya tura gaba sannan ya jawo baya, kuma a tsawon lokacin na riƙa gwada ta da atisayen da ba sa buƙatar kayan aiki. Ra'ayina shi ne tayar ta fi su duka sa tsokar ciki aiki, amma ba da ita ya kamata a fara ba.

Dalili kuwa yana cikin yadda take aiki. Yayin da tayar ke nisa da gwiwa, nauyin jiki yana ƙoƙarin lanƙwasa ƙashin baya zuwa ƙasa, kuma tsokar gaban ciki da tsokokin gefe da tsokar can ciki mai zagaye kugu kamar ɗamara su ne ke hana hakan faruwa. Idan suna da ƙarfi, mutum zai ji aikin a cikinsa tun daga ƙasan haƙarƙari har mara. Idan ba su da shi, sai baya ya lotsa, nauyin ya koma kan gadon baya, ciwo ya biyo. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne durƙusawa ina fuskantar bango, domin bangon ya tsayar da tayar kafin ta kai inda ba zan iya riƙe jikina ba, daga nan na riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan. Ingancin tayar ma yana da tasiri, domin mai faɗin ƙafa ba ta karkacewa kamar siririya, kuma mariƙi mai laushi yana rage wa wuyan hannu wahala. Shimfiɗa a ƙarƙashin gwiwa kuwa dole ce.

Atisayen filank, inda mutum ke dogara a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jikinsa a miƙe, shi ne tushen da nake ganin kowa yana buƙata kafin ya taɓa taya. Yana koyar da riƙe kugu ba tare da motsa ƙashin baya ba, sai dai da zarar jiki ya saba, ƙara mintuna ba ya ƙara ƙarfi sosai, kuma a nan ne tayar ke nuna fifikonta.

Kwanta-tashi, wato kwanciya rigingine a riƙa ɗago jiki zuwa zaune, wanda yawancinmu muka fara sani, shi ne ya fi ba ni ƙarancin gamsuwa. Tsokokin da ke ɗaga cinya ne ke ɗaukar kaso mai yawa na aikin, kuma Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo da ke Kanada ya nuna cewa yana matse ƙashin baya da ƙarfin da ya haura niyuton 3,000, wato kamar a ɗora masa nauyin kilo 300. Rundunar sojin ƙasa ta Amurka ma ta cire shi daga gwajin ƙarfin jiki, kuma daga 2022 filank take amfani da shi. Tuƙa keke a kwance, wato kwanciya rigingine ana juya ƙafafu kamar mai tuƙa keke, ya fi kwanta-tashi nesa ba kusa ba; a binciken da aka yi a Jami'ar Jihar San Diego a 2001 kan atisaye 13, shi ne ya zo na ɗaya wajen motsa tsokar gaban ciki, kuma ni ma na ji hakan a jikina idan na yi shi a hankali.

Abin da ke damuna shi ne alƙawarin da ake yawan liƙa wa irin waɗannan kayayyaki cewa suna narkar da teɓa. A wani bincike na 2011, mutanen da suka yi makonni 6 suna atisayen ciki sun ƙara juriya, amma kitsen cikinsu bai ragu ba. Kitse yana raguwa ne daga jiki baki ɗaya idan abin da ake ƙonawa ya fi abin da ake ci. Tayar ta ƙarfafa mini kugu, ta sauƙaƙa mini ɗaukar kaya da doguwar tsayuwa, kuma saboda wannan kaɗai nake ba da shawarar a saye ta. Mai ciwon baya, ko mai gwaiwa, ko macen da ba ta daɗe da haihuwa ba, su fara tuntuɓar likita kafin su gwada ta.