Filtar rage haske mai juyawa: yadda na same ta a mahaɗar titi

Akwai hoton da kusan duk mai ɗaukar titi ke kwaɗayi, irin wanda ake yawan ɗauka a mahaɗar Shibuya ta birnin Tokyo: jama'a sun narke sun zama inuwa mai gudana, amma zanen tsallakawa da sandar danja suna nan daram. Abin da ke hana samunsa da rana shi ne yawan haske. Kafin masu tafiya su narke sai shata, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara, ta daɗe a buɗe, daga rubu'in daƙiƙa zuwa daƙiƙa guda, alhali da rana tsaka ko ka matse ramin lensi zuwa f/16 ka sauke ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) zuwa 100, abin da za ka samu bai wuce 1/100 na daƙiƙa ba. Wannan giɓin ne ya sa na sayi filtar ND mai juyawa, wato gilashin rage haske da ake ɗaurawa a gaban lensi, wadda aka rubuta wa ND2 zuwa ND400 a baki, lambar na nuna sau nawa take rage hasken.

Gilasai biyu ne masu tace haske aka haɗa, kana murza na gaba duhu na ƙaruwa. A bakin titi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don gajimare kan rufe rana ya buɗe kafin danja ta zagayo sau ɗaya, kuma ba ka da sukunin kwance wata filta ka ɗaura wata. Murzawa kaɗan, ka koma rabin daƙiƙar da kake so. A nan kam ta biya ni.

Inda ta fi burge ni kuwa ban sa rai ba. Danjojin yanzu yawancinsu LED ne, ba irin ƙwan da ba mai zaren wuta wanda haskensa ba ya yankewa farat ɗaya. Da yawa daga cikinsu kyaftawa suke yi da saurin da ido ba ya kamawa, amma kyamara tana kamawa. Ka ɗauka a 1/1000, sai ka duba ka ga danjar a mace, ko lambobin ƙirgen daƙiƙa sun fito guntu-guntu, alhali a gabanka suna ci. Da zarar filta ta ja shata ta yi tsawo, wannan ya kau, fitila ta fito cikakkiya. Sai dai dole ka san zagayen danjar kafin ka danna. In canjin ya same ka shata na buɗe, za ka tashi da hoton da ja da kore ke ci a lokaci guda, abin da ba ya faruwa a titi. Ni nakan tsaya in ƙirga zagayen tukuna, in danna bayan an saki masu tafiya da ɗan kaɗan, lokacin da sahun gaba ya kai tsakiyar titi. Wani lokaci kuma da gangan nake barin launukan biyu su haɗu, don hoton yana da nasa armashin.

Ja shi ne mai wuyar sha'ani. Shi ke fara ƙonewa, ya koma ruwan lemo, tsakiyarsa ta yi fari. Filtar ba ta magance wannan, sai ka rage hasken hoton da mataki guda, wato rabi, da hannunka, ka ɗauka a RAW, tsarin ajiye hoto ɗanye da ya fi karɓar gyara, ka ɗago inuwa daga baya.

Lambar ND400 ɗin nan kuwa, kada ta ruɗe ka. A lensi mai faɗi, wato mai ɗaukar fili da yawa, kamar 24mm, tun kafin in kai ƙarshen murzawa wani baƙin tabo mai siffar X ke bayyana ya raba sama gida huɗu, kuma babu gyaran kwamfuta da zai cire shi da kyau. Ba laifin tawa kaɗai ba ne, haka ƙirar take. A aikace, rabin zangon na farko da ɗan ɗoriya ne nake amfani da shi. Tana kuma sa wa hoto ɗan launin rawaya, wanda gyaransa ba wuya. Sannan tun da gilasanta masu tace ƙyalli ne, murzawar kan canza sheƙin gilashin mota da na kwalta bayan ruwan sama. Wanda ya fito don hasken danja a jiƙaƙƙen titi ya lura, tana iya shanye masa abin da ya zo nema.

Da magariba cire ta nake yi. Hasken ya riga ya ragu, daƙiƙa 8 ko 10 a f/11 sun isa fitilun motoci su ja dogayen layuka ja da fari, kuma ƙarin gilashi a gaban lensi ba abin da yake haifarwa sai tagwayen fitilu na bogi suna yawo a hoto.

Ba ta aiki ita kaɗai, sai da abin girke kyamara mai ƙafa uku. A gadar sama ta masu tafiya, inda mahaɗa ta fi fitowa, babbar mota in ta wuce sai gadar ta yi rawa, don haka a jira ta lafa. Wani amfanin da ban yi lissafinsa ba: fuskokin masu tafiya ba sa fitowa, saboda haka da wuya wani ya tare ka da cewa ka ɗauke shi ba izini. A saita fokas kafin a murza ta yi duhu, in ba haka ba kyamara ta dinga lalube.

Wanda ya san hoto iri ɗaya yake so, da rana, a lensi mai faɗi, gara ya ɗauki ND64 tsayayyiya, ba X ba rigima. Mai yawo daga wannan mahaɗa zuwa waccan yana canza lensi, mai juyawar ta fi masa. Ya sayi babba da zoben haɗi, wanda ke daidaita bakinta da na ƙaramin lensi, don ta hau duk lensinsa, kuma ya nemi murfinta daban, don bakinta ya fi na lensi faɗi, tsohon murfin ba zai shiga ba.