Baƙo a Yamai: 1 ga Oktoba ko 3 ga Agusta?

Ɗan Najeriya mazaunin Yamai yana da ranakun 'yancin kai biyu da zai iya raya su. Ta 1 ga Oktoba takan same shi cikin 'yan ƙasarsa, a ci abinci, a tuna gida, alhali gari na harkokinsa kamar kullum. Ta 3 ga Agusta kuwa, ranar da Nijar ta samu 'yanci daga Faransa a 1960, ta zama ranar dashen itatuwa tun 1975 domin yaƙi da kwararowar hamada. A ganina wannan ta fi kusanta baƙo da masu masaukinsa, domin dashen yakan faɗo a tsakiyar damina, kuma baƙo da ɗan gari kan haƙa ramukan tare a unguwa ɗaya.