Sharhi: kejin ƙarfe na haɗawa don kajin bantam, ginshiƙansa lafiya, ragarsa ce matsala

Kejin da ake magana a kai shi ne irin wanda ake sayarwa a kwali, mutum ya haɗa da kansa: bututun ƙarfe marasa saurin tsatsa, tsawon mita 3, faɗin mita 2, tsayin ƙololuwa kusan mita 2, da naɗin raga mai ido shida-shida, da tamfol, da ɗaurin roba, da ƙofa mai sakata ɗaya. Ya ga damina guda da rani guda da kajin bantam, wato jinsin kaji masu ƙananan jiki, a ciki. Hukuncina a kansa shi ne ginshiƙan sun cancanci kuɗinsu, amma yadda ya fito daga kwali ba ya tsare kaza daga komai sai shaho da shirwa.

Haɗa shi ba wuya, mutum biyu sun gama a rabin yini. Babba na iya shiga a tsaye ya yi shara, wanda duk mai kiwon da ya taɓa rarrafe cikin akurki ya san darajarsa. Murabba'in mita 6 ya ishi bantam 6 zuwa 8 su sake. Lissafin da masu sayarwa ke rubutawa a kwali yakan wuce haka, kada a bi shi, cunkoso ne ke jawo tsattsagar juna da fige gashi.

Ragar da aka haɗo da shi an yi ta ne don hana kaza fita, ba don hana wani abu shiga ba. Wayarta siririya ce, kuma murɗe ta aka yi ba walda ba, don haka kare ko dila in ya sa haƙori ya ja, idon yana buɗewa. Idon nata milimita 25 ne, kuma nan ne ƙanƙantar bantam ke zama illa. Yawancinsu ba su kai kilo ɗaya ba, irin da ake kira Sebright wajen giram 600 ce, irin Serama ma takan gaza giram 500. Abin da babbar kaza kan ba wahala, kamar gafiya, ƙaramin tunku ko muzuru, yana iya kashe waɗannan cikin sauƙi. Ɓera na kutsawa ta ramin milimita 25, maciji kuma ya shige ya haɗiye ƙwai ko ɗan tsako, wani lokaci ya kasa fita saboda cikinsa ya kumbura. Mafi muni shi ne abin da ba ya ma buƙatar shiga. Bantam na son kwanciya jikin raga, sai dabba ta zura hannu ta kamo wuya ko fiffike. In aka wayi gari da kaza ba kai a gefen raga, kuma ragar ba ta yage ba, to abin da ya faru ke nan.

Maganin shi ne raga mai walda, mai ido murabba'i na milimita 13, kaurin waya kusan milimita 1. Don rufe bango da rufi gaba ɗaya a keji mai wannan girma, naɗi ɗaya mai faɗin santimita 90 da tsawon mita 30 yana isa, har da ɗora baki kan baki na santimita 5 a kowace mahaɗa. Wanda aljihunsa bai kai ba ya fara da zagaye ƙasa, santimita 90 na farko, mita 10 ke nan da ɗan ƙari, ya bar tsohuwar ragar a sama, amma fa ya sani dabbobi masu hawa ba su da matsala da tsayi, dole a kulle kajin cikin akurki da dare. Inda ake renon 'yan tsaki kuwa a sa mai ido milimita 6, domin ƙaramin ɓera na wucewa ta abin da ya fi haka kaɗan.

Ɗaurin robar da ke cikin kwalin na ɗan lokaci ne. Rana na busar da shi ya riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an lura ba, ɓera kuma na gwaguye shi. A yi amfani da shi wajen riƙe raga lokacin aiki, sannan a bi da wayar ƙarfe a ɗaure kowane santimita 15.

Sai ƙasa. Kejin ba shi da gindi, bututu ne kawai kwance a kan turɓaya, kuma duk inda ƙasa ta ɗan lotsa akwai kafa. Hanya biyu ce: ko a binne raga tsaye zurfin santimita 30, ko a shimfiɗa ta kwance a waje, faɗin santimita 45 zuwa 60, a ɗaure bakinta da bututun ƙasa, a kafe ta da turakun ƙarfe, a rufe da ƙasa ko tsakuwa. Na fi son ta biyun. Ba ta buƙatar haƙa, kuma tana aiki ne da halin dabbar: mai tono yana farawa daga gindin bango, in ya ci karo da waya ba ya tunanin ja da baya rabin mita ya sake farawa. Za a buƙaci kimanin mita 12 da rabi, saboda kusurwoyi huɗu su ma sai an rufe su, kuma su ne aka fi mantawa.

Ƙofar ita ce ta fi ba ni haushi. An bar tazara tsakaninta da ginshiƙi don ta juya, tazarar da babban yatsa ke shiga ba gardama. Duk inda babban yatsa ya shiga, ramin ya yi yawa. A toshe da siririn katako ko a bar ragar ƙofar ta zarce ta rufe wurin. Sakatar kuma irin wadda ake ɗagawa ce kawai, kare na iya ture ta da hanci. A ƙara ta biyu a ƙasa, domin ƙasan ƙofar na lanƙwasa in an matsa, sannan a maƙala ƙugiya mai kulle kanta ko ƙaramin kwaɗo.

Tamfol ɗin yana ba da inuwa, yana kuma ɓoye kajin daga idon tsuntsayen sama, amma ruwa na taruwa a tsakiyarsa har ya lanƙwasa bututu, iska kuma na iya ɗaga kejin dungurungum tunda ba shi da nauyi. Turakun da aka haɗo gajeru ne, a sauya su da rodi mai tsawon santimita 40 da aka lanƙwasa kansa.

Akurkin kwana da za a sa a ciki shi ma a duba shi da irin wannan idon: tagogin iska su sami raga, murfin wurin ƙwai ya sami sakata, a kafe raga a katako da ƙusa mai murɗi da ɗan faifan ƙarfe a wuyanta, domin ƙananan ƙusoshi masu baki biyu na zarewa. Sandar kwana mai kaurin santimita 3 zuwa 4, kowace kaza santimita 15 zuwa 20, nesa da raga. Irin kazar da ake kira Silkie ba ta tashi, tata sandar a yi ta ƙasa-ƙasa. A kwashe abinci da magariba, shi ke kiran ɓera, ɓera kuma ya kira maciji.

Bayan an gama duka, a ajiye tocila a kunne cikin akurkin da dare, a rufe, a zagaya daga waje. Inda haske ya tsargo ba ta cikin raga ba, a sa masa alama, da safe a toshe.